Alaƙar Ƙaramar Ƙwaƙwalwa da Sassan Tsara Motsi: Muhimmancinta ga Nazarin Furuci a Hausa da Harsunan Potiskum

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ilimin furuci sun saba fara bayaninsu daga huhu, su biyo ta maƙwallato, su ƙare a kan harshe da leɓɓa. Idan kuwa aka zo batun ƙwaƙwalwa, ba a cika wuce yankin Broca ba, wato sashen nan na gaban ƙwaƙwalwa ta hagu wanda likitan Faransa Paul Broca ya danganta da magana a shekarar 1861. Sai dai kuma akwai wani sashe da ke can ƙeya wanda littattafan ilimin harshe ba su cika ambatonsa ba, alhali idan ya sami lahani magana takan wargaje ko da harshe da leɓɓa suna nan lafiya ƙalau. Wannan sashe shi ne za a kira ƙaramar ƙwaƙwalwa a wannan maƙala.

Manufar maƙalar ita ce bayyana hanyar da ta haɗa ƙaramar ƙwaƙwalwa da sassan da ke tsara motsi kafin a aiwatar da shi, kamar yadda bincike a kan birai ya nuna. Daga nan za a duba abin da wannan alaƙa take nufi ga Hausa da harsunan da take zaune tare da su a Potiskum ta Jihar Yobe, domin harsuna ne da suka ɗora ma'ana a kan tsayin sauti da karinsa, abubuwan da suke saurin taɓuwa idan wannan hanya ta lalace.

2.0 Siffar Ƙaramar Ƙwaƙwalwa da Tarihin Nazarinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar shanu ta Potiskum ya ga an fasa kan sa, zai lura cewa ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai babba mai manyan lanƙwasa, akwai kuma wata 'yar ƙarama a bayanta mai siraran layuka a jere, wadda in an tsaga ta sai a ga zane fari kamar rassan itace. Haka abin yake a kan biri da na ɗan'adam. A jikin mutum girmanta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma ƙidayar da Azevedo da Herculano-Houzel da abokan aikinsu suka yi a 2009 ta nuna cewa daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, kimanin biliyan 69 a cikinta suke.

Tun a 1824 Pierre Flourens ya nuna cewa dabbar da aka cire wa wannan sashe ba ta shanyewa. Tana iya motsi, amma motsin ba shi da tsari. Likita Gordon Holmes ya tabbatar da haka ga mutane a 1917, bayan ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ga sukan yi jinkirin fara motsi, hannunsu yakan zarce abin da suka nufa ko ya gaza kai wa gare shi, maganarsu kuma takan fito da ja, gaɓa-gaɓa. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukar ƙaramar ƙwaƙwalwa a matsayin mai gyaran motsin da aka riga aka fara, ba ta da hannu a shirya shi. Binciken da za a kawo a ƙasa shi ya sauya wannan fahimta.

3.0 Hanyar Zuwa da Dawowa

3.1 Sassan Tsara Motsi

A ɓawon babbar ƙwaƙwalwa akwai wani zirin da ke aika umarni zuwa laka da jijiyoyin fuska da harshe. Shi za a kira yankin zartarwa. A gabansa akwai wasu yankuna da ƙwayoyinsu suke fara aiki tun kafin tsoka ta motsa. Na farko shi ne yankin share fage, wanda yake ta gefe, yana kuma da ɓangaren sama da na ƙasa. Na biyu shi ne yankin taimako, wanda yake ta tsakiya inda ɓarin dama da na hagu suke fuskantar juna. Penfield da Welch ne suka raɗa masa suna a 1951, an kuma san shi da jeranta motsi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne ake nufi da sassan tsara motsi.

3.2 Zangunan Hanyar

Babu jijiya ɗaya da ta tashi daga waɗannan sassa ta isa ƙaramar ƙwaƙwalwa kai tsaye. Tafiyar zango-zango ce. A wajen zuwa, saƙo yakan sauko daga ɓawon babbar ƙwaƙwalwa ya ya da zango a wani kumburi na tushen ƙwaƙwalwa da ake kira gada. Daga gada sai ya tsallaka ɗaya ɓarin ya shiga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa, ya bi ta ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa har ya kai ga manyan ƙwayoyin Purkinje, waɗanda aka sa wa sunan masanin da ya bayyana su a 1837.

A wajen dawowa, ƙwayoyin Purkinje sukan miƙa sakamakon aikinsu ga wasu cibiyoyi da ke binne a tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa. Mafi girmansu a jikin biri da mutum ita ce cibiyar dentet, wadda aka kira haka saboda bakinta mai kama da haƙora. Daga dentet jijiyoyi sukan haura, su sake tsallakawa ɗaya ɓarin, su tsaya a talamus, wato matattarar saƙonnin da ke shiga ɓawon babbar ƙwaƙwalwa. Talamus ke isar da saƙon inda za shi. Saboda wannan tsallake, ɓarin dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa da ɓarin hagu na babba suke hulɗa. Wannan batu yana da muhimmanci ga masanin harshe, tun da yake ga mafi yawan mutane a ɓarin hagu yankin Broca yake.

3.3 Yadda Aka Bi Sawun Hanyar a Birai

Matsalar da ta daɗe tana damun masana ita ce, rinin da ake zuba wa jijiya don a bi sawunta yakan tsaya a zangon farko. An san dentet tana aikawa talamus, an kuma san talamus tana aikawa ɓawo, amma tantance wane ɓangaren dentet ne yake kai wa ga wane yankin ɓawo ya yi wuya. Peter Strick da abokan aikinsa a Amurka suka shawo kan matsalar ta amfani da ƙwayoyin cuta masu tsallaka mahaɗar jijiyoyi, musamman ƙwayar ciwon haukan kare. Ɗabi'ar wannan ƙwaya ce ta bi jijiya da baya-baya, daga mai karɓar saƙo zuwa mai aikowa. Idan aka zuba ta a wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwar biri, aka ƙayyade kwanakin da za a bar ta, sai a gan ta a talamus da farko, sa'an nan a dentet, daga bisani a ƙwayoyin Purkinje.

Abubuwa uku suka fito daga wannan aiki. Na farko, Middleton da Strick (1994) sun nuna cewa dentet tana aika saƙo har yanki na 46 na goshin ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa riƙe abu a zuci da yanke shawara ne. Na biyu, Dum da Strick (2003) sun nuna dentet a rarrabe take: ɓangarenta na sama yana hulɗa da yankin zartarwa da yankin share fage na ƙasa, na ƙasanta kuwa da yankunan tunani. Akkal da Dum da Strick (2007) suka ƙara da cewa yankin taimako yana karɓa daga ɓangaren dentet na motsi, yankin da ke gabansa kuma daga ɓangaren da ba na motsi ba. Hashimoto da abokan aikinsa a Japan (2010) sun sami irin wannan rarrabuwa tsakanin gaba da bayan yankin share fage na sama. Na uku, Kelly da Strick (2003) sun nuna cewa hanyar zobe ce: ɓangaren ƙaramar ƙwaƙwalwa da yake karɓar saƙo daga wani yankin ɓawo, shi ne kuma yake mayar wa wannan yanki da amsa. Ke nan kowane yanki na tsara motsi yana da nasa layin na zuwa da dawowa.

4.0 Shaidar Shigarta Cikin Tsarawa

Samuwar hanya kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an ga abin da ke bi ta kanta. A 1975 Thach ya auna aikin ƙwayoyin dentet da na yankin zartarwa a biran da aka koya wa motsa hannu da zarar sun ga alama, ya ga ƙwayoyin dentet da dama sukan riga na yankin zartarwa sauya aiki. Meyer-Lohmann da Hore da Brooks (1977) suka sanyaya dentet na ɗan lokaci, sai biran suka riƙa jinkirin fara motsi, ƙwayoyin yankin zartarwa su ma suka makara.

A jikin mutum, Kornhuber da Deecke sun gano a Jamus a 1965 cewa akwai wata alamar lantarki da ake iya aunawa a fatar kai, wadda takan fara tasowa kimanin sakan ɗaya ko fiye kafin mutum ya yi motsi da gangan. Shibasaki da abokan aikinsa (1978) sun ba da rahoton cewa wannan alama takan yi rauni ko ta ɓace ga marasa lafiyar da hanyar dentet zuwa talamus ta lalace musu. Gwajin Gao da abokan aikinsa na 2018 a kan ɓeraye ya ƙara ƙarfafa batun, kuma gwaji ne da ya shafi harshe kansa. An koya wa ɓeraye su jira ɗan lokaci sa'an nan su lasa ruwa ta dama ko ta hagu gwargwadon alamar da aka ba su. Da aka dagula aikin wata cibiya ta ƙaramar ƙwaƙwalwa a lokacin jiran, sai suka riƙa lasa ta inda ba daidai ba, ko da yake harshensu yana motsi yadda ya saba. Abin da ya ɓaci shi ne shirin, ba motsin ba.

5.0 Daga Biri Zuwa Furucin Ɗan'adam

Biri ba ya magana, ba kuma a zuba wa mutum ƙwayar cuta don bin sawun jijiya. Amma akwai dalilan da suka sa sakamakon ya shafi furuci. Rizzolatti da abokan aikinsa a Italiya suna ganin cewa yankin da suka kira F5, wanda yake cikin yankin share fage na ƙasa a biri yana kuma kula da motsin hannu da baki, shi ne takwaran wani ɓangare na yankin Broca. Bugu da ƙari, Petersen da abokan aikinsa (1988) sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ba suna aka ce su kawo aikatau da ya dace da shi, sai aka ga ɓarin dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa ya tashi aiki tare da goshin hagu, daidai da tsallaken da aka bayyana a 3.2. Hotunan mutum 1,000 da Buckner da abokan aikinsa suka nazarta a 2011 sun nuna cewa mafi yawan ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwar mutum da yankunan tunani da tsarawa yake hulɗa, fiye da yankin zartarwa.

Dalilin da ya sa furuci yake bukatar wannan zobe shi ne sauri. Mai magana yakan furta gaɓa huɗu zuwa shida a sakan ɗaya, yana sarrafa tsokoki kimanin 100. Kafin kunne ya ji kuskure a mayar da gyara ga maƙwallato, kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye ya wuce, wato rabin gaɓar ya riga ya fita. Lee ya nuna a 1950 cewa idan aka jinkirta wa mutum jin muryarsa da ɗan ƙanƙanin lokaci sai ya kama in'ina, abin da duk wanda muryarsa ta taɓa dawo masa a wayar tarho ya sani. Saboda haka dole a ƙiyasta lokacin kowane motsi da ƙarfinsa tun kafin a fara. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa ce take yin wannan ƙiyasi bisa abin da ta koya a baya, ta miƙa shi ga sassan tsarawa ta hanyar dentet da talamus.

Abin da ake ji a bakin marasa lafiya ya dace da wannan ra'ayi. Darley da Aronson da Brown (1969) sun siffanta maganar mai lahanin ƙaramar ƙwaƙwalwa da rashin fitar baƙaƙe sosai, da ba kowace gaɓa nauyi iri ɗaya, da jan sautuka, da rikicewar furuci jefi-jefi. Kent da Netsell da Abbs (1979) sun auna da na'ura suka ga gaɓoɓi sun ƙara tsawo, tsawonsu kuma ya kusanci juna. Ackermann da abokan aikinsa (1997) sun nuna abin ya shafi ji ma: masu wannan lahani sun sha wuyar bambance kalmomin Jamusanci Boten da Boden a lokacin da aka mayar da bambancinsu ya zama tsawon shirun da ke tsakiyar kalma kawai.

6.0 Hausa da Harsunan Potiskum

6.1 Inda Ma'ana Take Rataye

Binciken da aka ambata a sashe na 5.0 a kan masu magana da Ingilishi da Jamusanci aka yi shi. Hausa kuwa ta ɗora wa lokaci da kari nauyi ta fuskoki huɗu. A misalan da ke biye, wasali biyu na nufin dogon wasali, alamar da ke bisa wasali kuma karin ƙasa:

(1) Tsayin wasali: daamaa (zarafi) da daama (kishiyar hagu); bàaƙoo (wanda ya zo) da Bàaƙo (sunan mutum).
(2) Shadda: manà (gare mu) da mannà (liƙa).
(3) Karin sauti: kuukaa (zubar hawaye) da kuukàa (itace), wuyàa (gaɓar jiki) da wùyaa (wahala).
(4) Hamzantawa: bàakii (gaɓar furuci) da bàaƙii (jam'in baƙo).

A (1) da (2) bambancin tsawon lokaci ne tsantsa. A (3) dole tantanin maƙwallato ya kai matsayin da ake so daidai lokacin da wasalin gaɓar ya fito. A (4), kafin a furta tunkuɗau irin /ƙ/ sai an rufe hamza, an tokare iska da bayan harshe a hanɗa, an ɗaga maƙwallato, sa'an nan a saki hanɗa kafin hamza. Idan jerin ya saɓa, /ƙ/ ta tashi daga /ƙ/. Bisa ga abin da Kent da abokan aikinsa suka auna, ana iya hasashen cewa lahanin da zai sa Bature ya yi magana mai nauyi amma a gane shi, zai iya sa Bahaushe ya faɗi wata kalma a maimakon wata. Wannan hasashe ne da awo zai iya tabbatarwa ko ya rushe.

6.2 Abin da Potiskum Ta Keɓanta da Shi

A Potiskum Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya, amma tana zaune ne tare da harsunan Ngizim da Karai-karai da Bolanci da Ngamo, waɗanda duk 'yan'uwanta ne a rukunin Cadi ta Yamma, ga kuma Fulatanci da Barbarci. Marigayi Russell Schuh ya fara nazarin Ngizim a garin tun wajen 1969, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamusoshin da aka buga a Potiskum a 2004. Ke nan an riga an sami tubalin gina gwaji: kalmomin da aka rubuta da karinsu da tsayin wasalinsu.

Harsunan suna kuma ba da damar kwatance. Bolanci yana yawan amfani da shadda. Ngizim yana da zuzau 'yan jirge da ake rubutawa tl da dl, waɗanda babu su a Hausa. Yana kuma da dokar yaɗuwar kari wadda baƙi yake iya tarewa: masu ziza irin su b da d da g sukan hana karin sama tsallakawa gaɓa ta gaba, marasa ziza kuma sukan tare karin ƙasa. Tun da yake mutum ɗaya a Potiskum yakan ji biyu ko uku daga cikin waɗannan harsuna, ana iya duba yadda lahani ɗaya a ƙwaƙwalwa ɗaya yake bayyana a tsarin sauti mabambanta.

Akwai kuma abin kiyayewa. Ngizim da Bolanci suna da haɗiyau irin su /ɓ/ da /ɗ/, amma ba su da tunkuɗau /ƙ/. Don haka idan wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne ya ce bàakii a wurin bàaƙii, wannan tasirin harshen uwa ne, ba alamar ciwo ba. Abin da ke nuna lahanin ƙaramar ƙwaƙwalwa shi ne rashin tabbata: a furta kalma daidai yanzu, a kuskure ta an jima, ta wata fuska dabam. Likitan da bai san tsarin sautin harsunan ba zai iya ɗaukar lafiya a matsayin ciwo, ko ciwo a matsayin karin harshe.

6.3 Abin da Ke Kan Mai Ciwon

Giya tana dagula aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa, shi ya sa mashayi yake tangaɗi harshensa kuma ya yi nauyi. Amma shanyewar jijiyar jini a ƙeya, da ƙari, da zazzaɓin taifod, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da bugun zafin rana, da yawan maganin farfaɗiya na fenitoyin, duk suna iya haddasa irin wannan tafiya da irin wannan magana. A Nijeriya ma an san ciwon makyarkyata da tangaɗi na damina a ƙasar Ijesha, wanda Adamolekun ya danganta a 1993 da cin wata tsutsa mai lalata bitamin B1 a jiki, ana kuma magance shi da bitamin ɗin. A cikin al'ummar da maye abin kunya ne, mutumin da bai taɓa kurɓar giya ba yana iya rasa mutuncinsa ko sana'arsa saboda yadda maganarsa ta koma, ko a ce iska ce a yi ta zagaye da shi har lokacin da magani zai yi amfani ya wuce.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa tana haɗe da sassan tsara motsi ta zobba masu zaman kansu, daga ɓawo zuwa gada zuwa ƙwayoyin Purkinje, daga nan zuwa dentet da talamus a koma ɓawo, kuma tana aiki tun kafin motsi ya fara. An kuma nuna cewa tsayin wasali da shadda da kari da hamzantawa duk sun dogara da irin ƙiyasin lokacin da ake danganta mata. Aikin da ya rataya a wuyan masana harshe guda uku ne: daidaita kalmomin fannu na sassan ƙwaƙwalwa a Hausa, domin waɗanda aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, tsara jerin tagwayen kalmomi irin na (1) zuwa (4) a Hausa da Ngizim da Bolanci da Karai-karai da Ngamo, da auna furucin masu lafiya a Potiskum, 'yan asalin harshe da masu Hausa a matsayin harshe na biyu, domin likita ya sami ma'aunin da zai gwada maganar maras lafiya da shi.